Riesling trocken: farar giyar inabin Jamus da tsaminta ya fi zaƙinta

A jikin kwalbar Riesling ta Jamus, giyar da ake yi da nau'in inabi mai wannan suna, akwai rubutu da yawa, amma kalma ɗaya ce ke gaya maka abin da harshenka zai tarar: trocken. A Jamusancin yau da kullum ma'anarta busasshe. A bakin masu sana'ar giyar inabi kuwa tana nufin mara zaƙi, wato an bar yis ya cinye kusan duk sukarin da ke cikin ruwan inabin ya mayar da shi barasa. Doka ce ta yanke iyakar: sukarin da ya rage kada ya wuce giram 4 a lita, ko kuma ya kai har giram 9 idan tsamin bai gaza sukarin da fiye da giram 2 ba. Giyar da ke da sukari giram 8, sai tsaminta ya kai giram 6 kafin a yarda a rubuta mata trocken. Ga Riesling wannan sharaɗi ba wuya, domin tsaminta yakan tsaya tsakanin giram 7 da 9. Shi ya sa kwalabe biyu za su ɗauki kalma iri ɗaya, ɗaya ta kama baki kamar lemun tsami, ɗayar ta zo da laushi kamar nunanniyar tuffa. Duk hukuncin da za a yi wa wannan giya a kan awon tsami da sukari yake tsayawa, kuma gonar da aka noma inabin ce ke karkata ma'aunin.

Gara a faɗa tun da wuri: giya ce, barasarta kashi 11.5 zuwa 13 cikin ɗari, kuma wanda addininsa ya haramta masa ita ba shi da ciniki a nan. Bayanin zai fi amfanar masu aiki a otal da gidajen abinci, waɗanda baƙo zai tsare da tambaya, da kuma masu sayen kaya wa irin waɗannan wurare.

Tarkon da ke jikin takarda

Babban kuskuren sabon shiga shi ne ya ga Trockenbeerenauslese ya ɗauka ta fi kowace rashin zaƙi, tunda ga trocken a farkon sunan. Akasin haka ne. A can kalmar tana magana ne a kan 'ya'yan inabin da suka yanƙwane a jikin kurangarsu, kuma giyar da ake samu daga gare su kusan zuma ce. Haka Kabinett da Spätlese da Auslese: waɗannan sunaye suna nuna yawan sukarin inabin lokacin girbi, wanda ake aunawa da ma'aunin Oechsle, ba su ce komai ba a kan ko an bar yis ya gama aikinsa. Idan ba a rubuta trocken kusa da su ba, ka ɗauka akwai zaƙi. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce duba adadin barasa: Riesling mai kashi 8 ko 9 ba makawa da sauran sukari a cikinta, mai 12 zuwa sama kuwa yawanci ta tsane. Halbtrocken, wato mai ɗan zaƙi, sukarinta na iya kaiwa giram 18 a lita, feinherb kuma, ita ma mai ɗan zaƙi, doka ba ta sa mata iyaka ba, kowane gida da yadda yake fassara ta.

Tarko na biyu sunan gona ne. Dokar giyar inabi ta 1971 ta ba da damar a haɗa gonakin ƙauyuka da yawa a ba su suna ɗaya mai kama da na gona guda. Piesporter Goldtröpfchen gangare ne sananne a bakin kogin Mosel. Piesporter Michelsberg kuwa tarin gonaki ne, har da na fili. Niersteiner Gutes Domtal ma haka take, sunan garin Nierstein kawai ta ara. Sabuwar dokar 2021 ta zo ta gyara wannan, amma kwalaben da aka cika a ƙarƙashin tsohon tsari za su daɗe a kantuna. Sai a nemi kalmar Gutsabfüllung ko Erzeugerabfüllung, wadda ke nuna wanda ya noma shi ne ya matse ya kuma cika kwalbar. Idan Abfüller kaɗai aka rubuta, mai cikawa ne, ba lallai manomin ba.

Inabin da ƙamshinsa

Takarda mafi tsufa da aka sani ta ambaci wannan inabi ita ce lissafin kuɗin gidan sarautar Katzenelnbogen a Rüsselsheim, mai kwanan wata 13 ga Maris 1435. A yau Jamus na da yankunan noman inabi 13, gonakinsu sun ɗan haura hekta 100,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu Riesling ne. Inabi ne mai jinkirin nuna, mai jure sanyi, wanda ba ya sakin tsaminsa ko da sukari ya taru. Ba a cika sa shi a sabuwar gangar katako ba. Tankin ƙarfe ko tsohuwar babbar ganga ake amfani da su, don kada ƙamshin itace ya rufe na inabin.

Sabuwar kwalba mai kyau takan buɗe da ƙamshin ɓawon lemun tsami, koriyar tuffa da farin fure. Idan daga wuri mai ɗumi ta fito sai a ji wani abu kamar nunannen mangwaro ko abarba. Sinadaran da ke ba da ƙamshin furen, irin su linalol, a fatar inabin suke, kuma suna raguwa da shekaru. Abin da ke maye gurbinsu shi ne wanda ke ba baƙi mamaki: ƙamshin kananzir. Ba gurɓata ba ce. Wani sinadari ne da ake taƙaita sunansa TDN, yana fitowa daga launin fatar inabin, kuma yana ƙaruwa idan rana ta daki 'ya'yan sosai, ko an yi fari, ko an ajiye kwalbar a zafi. Kaɗan daga cikinsa a giya mai shekara takwas ado ne. Idan ya cika hanci a giya mai shekara biyu, alama ce ta inabin da ya sha wuya ko kwalbar da ta sha rana.

Mosel

Ruwa ba ya tsami banza. Kwarin Mosel yana can arewa, inda a da inabi ba ya nuna sai a gangaren da ya fuskanci kudu. A Jamus ana kiran gona Steillage idan gangarenta ya wuce kashi 30 cikin ɗari, kuma a nan irinsu suka fi yawa. Gonar Bremmer Calmont ta kai kusan digiri 65, ma'aikata na hawa da ɗan jirgi mai tafiya a kan dogo ɗaya. Ƙasar ba ƙasa ba ce sosai, ɓaraguzan dutse ne mai tsagewa falle-falle wanda suke kira Schiefer. Duhunsa na shan zafin rana ya sake shi da dare, ruwan sama kuma na ratsa shi da sauri, sai jijiyar ta nutsa neman danshi. Kogin da ke ƙasa yana rage tsananin sanyin kaka.

Abin da ke fitowa giya ce siririya, barasarta sau da yawa 11.5 zuwa 12, tsaminta a tsaye. Shuɗin dutsen ƙauyukan Wehlen da Graach yana ba da lemun tsami da tuffa da wani ɗanɗano mai kama da gishiri a ƙarshen harshe. Jan dutsen Ürziger Würzgarten, wanda sunansa ke nufin lambun kayan ƙamshi, ya fi kawo ɗumi da ɗan yaji. Wanda ke son ya gane bambancin ba tare da kashe kuɗi da yawa ba, gidan Dr. Loosen na fitar da Blauschiefer da Rotschiefer, dukansu trocken, ɗaya daga shuɗin dutse, ɗaya daga ja. A zuba su a kofi biyu a jere, darasin ya fi kowane bayani. Rassan kogin, Saar da Ruwer, sun fi sanyi, tsaminsu ya fi kaifi. Har zuwa 2007 sunan yankin ma Mosel-Saar-Ruwer ne.

Hukuncinmu a kan Mosel trocken mai sharaɗi ne. A shekara mai ɗumi ba ta da tamka wajen tsabtar ɗanɗano. A shekara mai sanyi, ta ƙasa-ƙasa mai araha takan zama ƙashi ba tsoka, tana dasar da haƙora. A irin wannan shekara feinherb ta fi ta daidaito, kuma ba banza tsofaffin manoman kwarin suka saba barin ɗan sukari ba.

Wata magana a gefe. Masu talla na son cewa ana jin ɗanɗanon dutsen a cikin kofi, kamar jijiya ta tsotso shi ta kai wa 'ya'yan. Ba haka abin yake tafiya ba. Dutse yana aiki ne ta hanyar ruwa da zafi: nawa yake riƙewa, yaushe yake saki, wace rana inabin zai nuna, tsami nawa zai rage a ranar girbi. Bambancin gaskiya ne, hanyarsa ce ba a miƙe take ba.

Rheingau da Pfalz, sai sauran

Tsakanin Wiesbaden da Rüdesheim kogin Rhine ya karkata yamma, sai gonakin gaɓar dama suka fuskanci kudu, tsaunin Taunus ya tare musu iskar arewa. Wannan ce Rheingau, ƙaramin yanki mai hekta kusan 3,200, fiye da kashi uku cikin huɗu Riesling. A Schloss Johannisberg aka mayar da gonar ta Riesling tun 1720, kuma layin digiri 50 na arewa ya ratsa ta tsakiyarta. Ƙasar ta fi ta Mosel nauyi a wurare da yawa, giyar ma ta fi jiki, tsaminta mai ƙarfi amma a lulluɓe. Ga gidan abincin da zai ajiye Riesling trocken iri ɗaya tak, ta Rheingau muke ba da shawara, domin ta fi shiga da abinci iri-iri. Eins Zwei Dry ta gidan Leitz a Rüdesheim matakin farko ce mai tsabta. Kiedricher Riesling trocken ta Robert Weil ta ɗara ta zurfi da tsawon ɗanɗano.

Pfalz ta fi kowa faɗin gonakin Riesling, kuma tana cikin wurare mafi ɗumi, har ɓaure yana nuna a can. Tsaunin Haardt na tare ruwan sama. Ƙasar yawanci jan dutsen yashi ce, amma a ƙauyen Forst akwai baƙin dutsen aman wuta, wanda manoma suka daɗe suna barbaza shi a gonaki don ya riƙe zafi. Gonar Pechstein daga gare shi ta samo suna. Kirchenstück kuwa, wadda ba ta kai hekta 4 ba, ita ta samu maki mafi girma a ƙididdigar harajin ƙasa da masarautar Bavariya ta yi a 1828. Riesling ɗin Pfalz mai faɗi ce, barasa 12.5 zuwa 13, ƙamshin nunannun 'ya'yan itace, tsamin bai cika cizo ba. Ita ce ta fi sauƙin karɓuwa ga wanda bai saba ba. Aibinta a shekarar zafi shi ne nauyi: barasa ta fito fili, ƙarshen ya yi ɗan ɗaci.

Rheinhessen fuska biyu gare ta: jan gangaren Roter Hang tsakanin Nackenheim da Nierstein, wanda ƙarfen da ke cikin ƙasar ya rina, da farin dutsen Westhofen inda gidajen Wittmann da Keller ke da gonaki. Na farko na ba da giya mai yaji, na biyu mai sanyin ɗanɗano da ke buƙatar shekaru. Nahe tana tsakanin Mosel da Pfalz a hali, kuma Riesling trocken ta gidan Dönnhoff a Oberhausen kan zama ma'aunin da ake gwada sauran da shi.

Ina ya kamata kuɗin ya tafi

Ƙungiyar gidajen giyar inabi ta VDP, wadda aka kafa a 1910 kuma ke da gidaje kusan 200, tana sa hoton gaggafa ɗauke da nonon inabi a wuyan kwalba. Ta raba giyarta hawa huɗu. Gutswein daga gonakin gidan gaba ɗaya. Ortswein daga ƙauye guda. Erste Lage daga gona mai daraja. Grosse Lage daga gonar da ta fi kowace, kuma mara zaƙin wannan hawa ita ake kira Grosses Gewächs, a taƙaice GG. Don GG ba a yarda a wuce hektolita 50, wato lita 5,000, a hekta ba, da hannu ake girbi, kuma ba a sayarwa kafin 1 ga Satumba na shekarar da ta biyo bayan girbi. A Jamus Gutswein kan kama daga yuro 10 zuwa 15, Ortswein 15 zuwa 25, GG daga 30 zuwa sama, wasu ma nesa da haka.

Ortswein ce ta fi biyan kuɗinta. A nan ne halin wuri ke fara fitowa, kuma gidaje da yawa na zuba inabin ƙananan kurangun manyan gonakinsu a cikinta. Ana iya buɗe ta bayan shekara biyu. GG kuwa idan aka buɗe ta da wuri asara ce, domin takan rufe bakinta, ƙamshi kaɗan, tsami da yawa, sai ta yi shekara biyar zuwa goma take warwarewa. Wanda ba shi da wurin ajiya mai sanyi kada ya saye ta. Ta yuro 4 a babban kanti kuma, araha ba ta ado: yawanci inabin fili ne mai yawan yabanya, ruwa-ruwa, tsami ba ƙamshi. Mutanen Pfalz sun san amfanin irin wannan, suna gauraya ta da ruwa mai gas a kofin rabin lita da suke kira Dubbeglas.

Shekarar girbi ma a duba ta. 2018 da 2022 zafi da fari, giyar ta yi taushi, ƙamshin kananzir na saurin fitowa. 2021 sanyi da ruwa, tsami mai yawa, ta Pfalz da Rheinhessen sun fi daɗin sha da wuri. 2019 ta haɗa nuna da tsami. A 2024 sanyin ƙarshen Afrilu ya ƙone tohon kurangu a Saar da Ruwer da Nahe, girbin ya yi ƙaranci.

Zubawa da gane matsala

A zuba Gutswein da sanyin digiri 8 zuwa 10, Ortswein da GG a 10 zuwa 12. Firji yakan tsaya a 4 ko 5, kuma a wannan sanyi ƙamshi na ɓuya, tsami kaɗai ke magana, don haka a fitar da kwalbar minti 15 kafin a zuba. Idan da gaggawa, bokiti rabi ƙanƙara rabi ruwa na sanyaya ta cikin minti 20, ƙanƙara zalla ba ta kama jikin kwalba. A ƙasa mai zafi a riƙa zuba mililita 100 a lokaci guda, kwalbar 750 ta ba da kofi bakwai, domin cikakken kofi kan ɗumame kafin a kai rabinsa. Sabuwar GG a juye ta a wani tulun gilashi ta sha iska rabin awa. Wadda aka buɗe, in an rufe an mayar firji, takan yi kwana uku zuwa biyar.

Warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗaki mai danshi daga toshiyar ɓawon itace yake, ba ya gyaruwa, a mayar da kwalbar. Warin ashana ko ƙwai a kwalba mai murfin murɗawa sau da yawa yakan tafi in an kaɗa kofin. Warin ƙwallon kafur na cikin akwatin kaya wata cuta ce da Jamusawa ke kira UTA, tana da nasaba da kurangar da ta sha fari aka kuma girbe ta da wuri. Launin da ya koma ruwan shayi da ɗanɗanon dafaffiyar tuffa a ƙaramar giya aikin zafi ne, kuma shi ya fi damun kwalaben da suka yi makonni a kwantena a tashar ruwa irin ta Legas ko Tema. A duba ko toshiyar ta turo ko wuyan ya yi danƙo. Ƙananan duwatsu masu ƙyalli a gindin kwalba kuwa gishirin tsamin inabi ne, Weinstein, ba gilashi ba, ba sa cutarwa.

Abincin da take so

A ɗauke ta a matsayin lemun tsamin da ake matsawa a kan abinci. Duk abin da lemun tsami zai gyara, za ta gyara: mai, gishiri, suya, kifi. Forelle Müllerin, kifin rafi da aka birkiɗa a fulawa aka soya da man shanu aka haɗa da dafaffen dankalin turawa, abokin Mosel ne. Schnitzel na naman maraƙi yana son Rheingau, tsamin na wanke maiƙon suyar. Gasasshiyar kaza da naman da ke da kitse sun fi dacewa da faɗin Pfalz. Grüne Soße ta Frankfurt, miyar ganye bakwai mai sanyi da ake ci da dafaffen ƙwai da dankali, tana tafiya da Gutswein. Cukun akuya ma haka. Farin Spargel, kayan lambun da Turawa ke kira asparagus, wanda kakarsa ke ƙarewa 24 ga Yuni, yana da ɗan ɗaci, kuma Riesling mai kaifi na ƙara fito da shi. Sai a zaɓi mai laushi, ko a koma ga Silvaner, giyar wani farin inabin dabam, kamar yadda Jamusawa da yawa ke yi.

Ana yawan cewa Riesling na tafiya da abinci mai yaji. Rabin gaskiya ne. Barasa na ƙara zafin barkono a baki, sukari ne ke kwantar da shi. GG mai kashi 13 kusa da nama mai yajin tsire wuta a kan wuta ce, ƙamshin da aka biya kuɗi dominsa kuma ya ɓace. A nan feinherb ko Kabinett mai kashi 8 zuwa 10 ake nema. Kayan zaƙi ma abokan gaba ne: bayan cokali ɗaya na kek, trocken sai ta koma kamar ruwan tsamiya. Jan naman sa da aka gasa ya fi ƙarfinta.

A kicin, romon kifi na Riesling haka ake yinsa: a soya ƙananan albasa 2 a man shanu giram 20 ba tare da sun yi ja ba, a zuba giya mililita 200 a bari ta ƙone zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ƙara romon ƙashin kifi mililita 200 a sake ragewa, sannan a sauke wuta a zuba kirim mililita 100. Idan aka sa kirim kafin giyar ta ragu, tsami zai tsinka shi ya yi gudaji. Mai dafa wa baƙi ya sani cewa tafasa ba ta kore barasa gaba ɗaya, dole a gaya wa wanda zai ci.

Wadda aka cire wa barasa

A Rüdesheim ɗin dai, gidan Carl Jung ya fara cire barasa daga giyar inabi tun farkon ƙarni na 20, ta hanyar ɗumama ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska, inda barasa ke tashi a zafi kaɗan ba tare da an dafa giyar ba. Leitz na fitar da Eins Zwei Zero da irin wannan dabara. Ƙamshin lemun tsami da tuffa yana nan, amma jikin ya yi sirara, kuma ana barin sukari fiye da na trocken nesa ba kusa ba don ya cike gurbin, shi ya sa ta fi ta asalin jure barkono. Abu biyu mai saye ya riƙe: asalinta giya ce da ta tsimu kafin a tace ta, kuma kalmar alkoholfrei a dokar Jamus tana yarda da barasa har kashi 0.5 cikin ɗari. Wanda ke son ɗanɗanon inabin ba tare da an taɓa tsima shi ba, Traubensaft zai tambaya, ruwan inabi zalla, kuma gidaje da yawa na matse shi daga Riesling. Zaƙinsa na da yawa, sai a gauraya shi rabi da rabi da ruwa mai gas mai sanyi.